Garkar sarki da na shiga a birnin Pari

 

Ni tsohon malamin gona ne, daga wani ƙauye na ƙasar Matamaye. Na yi shekara talatin da ƴan kai ina aiki kafin in aje. Yau ba darasi na zo in ba ku ba. Labarin wata garka zan ba ku, wadda na shiga da ƙafata a birnin Pari na ƙasar Faransa, cikin watan Oktoba na 2019. Na daɗe da labarin a ciki ban faɗa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu, za ku ji shi in mun yi nisa.

Ɗana na fari ne ke aiki can. Ba ni faɗin sunansa, kun san al'ada. An yi masa haihuwa, ya aiko da kuɗin jirgi, ya ce in zo in ga jika. Jika mai numfashi fa, ba ta aljihu ba. Na bari sai da muka ɗaure hatsi muka zuba rumbu, sannan na kama hanyar Yamai.

Ana gobe zan tashi, ƙanena ya same ni a zaure. Ya ce: "Yaya, masassaƙin nan ya dawo. Ya taya ƙiryar gonar Baba jika arba'in."

Ƙirya ce guda ɗaya, tsohuwa, a kusurwar gabas ta gonar da muka gada. Duk wannan gefen ita kaɗai ta rage. Masu turmi suna sonta, maƙera suna son gawayinta. Ƙanena kuma yana da ɗiya da zai aurar. Na ce masa ya bari in dawo. Ban ce i ba, ban ce a'a ba.

Daga masallaci zuwa garka

Kwana goma na yi a ɗaki, a hawa na shida, kamar kaza cikin akurki. Sanyi a waje, ba wanda za ka gaisa da shi. Ranar Juma'a ɗana ya sa ni a jirgin nan da ke bi ta ƙarƙashin gari, wanda suke ce ma metoro, muka je babban masallacin Pari. An buɗe shi a 1926, don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu ma Faransa a yaƙin 1914 zuwa 1918. Da aka sallame, sai ya ce: "Baba, mu ƙetare titin nan. Akwai abin da za ka so."

Sunan wurin Jardin des Plantes, wato garkar tsirrai. Shiga kyauta ne. Girmanta kimanin hekta 24, a tsakiyar gari, bakin kogin Sen. A wajenmu wannan gonakin magidanta bakwai ne ko takwas.

Akwai hanya miƙaƙƙiya da ta kusa mita 500, daga ƙofar bakin kogi har gindin wani babban gida. Dama da hagu itatuwa ne a jere, an aske musu kai da gefe, sun yi kamar bango. A tsakiya fangali ne bayan fangali, duka furanni. Ga ciyawa kore shar, gajera, an daidaita ta kamar tabarma. Ba akuya, ba tunkiya, ba ko jaki ɗaure. Na ce ma ɗana: "Wa ke cin wannan?" Ya ce: "Inji ke yanke ta, Baba." Na tuna maƙwabcina Bafillace da ke sayen tattaka a watan Mayu. Da ya ga wannan, da bai yi barci ba.

Manomi ba shi ganin ƙasa ya wuce. Na ƙetare wata ƴar waya, na durƙusa, na tura yatsa cikin fangali. Ƙasar baƙa ce, da danshi, har da tana a ciki. Sai na ji an busa usur. Mai gadi ne, yana yi mini nuni da hannu in fito. Ashe ba a taka ciyawar. Ɗana ya ji kunya, ya ba shi haƙuri. Ni kam na riga na ji abin da nake son ji.

Ga abin da ya ba ni mamaki. Ruwan da ke sauka a Pari cikin shekara bai wuce wajen milimita 640 ba. Mu ma a Matamaye da Magarya, in damina ta yi kyau, muna samun 500 har 600. Amma namu cikin wata uku ko huɗu yake zubowa, da ƙarfi. Wani ya gudu kwari, rana ta shanye saura. Nasu yayyafi ne, kowane wata da rabonsa, rana kuma ba ta da kaifi. Saboda haka kada wani ya ce muku sun fi mu hannu. Ku ba su rairayinmu da iskar bazara ku gani. Abu guda dai na lura: ba su barin ƙasa tsirara. Gindin kowace shuka an rufe shi da ganye ko gutsattsarin icce. Kuma tun 2017 dokar ƙasarsu ta hana fesa maganin ƙwari da na ciyawa a garkokin jama'a. Da hannu na ga ana cire haki, kamar gida.

Wanda ya kafa ta

Sarkin Faransa Luwi na 13 ne ya ba da umurni a 1635. Likitansa mai suna Guy de La Brosse ne ya matsa masa. Ba don hutawar sarki aka yi ta ba. Garkar saiwoyi da ganyen magani ce, inda masu koyon aikin likita za su ga icce da idonsu, su san shi. An buɗe ma jama'a a 1640. Karatun da ake yi a ciki kyauta ne, kuma da Faransanci, harshen da ake magana da shi a kasuwa. Manyan likitocin birni suka yi fushi, don su da Latinanci suke koyarwa, harshen da talaka ba shi ji. Ku da kuka koyi karatu da Hausa, kun san irin wannan fushin.

Bayan shekara ɗari aka ba wani masani mai suna Buffon riƙon wurin. Ya riƙe daga 1739 har ya mutu a 1788. Ya yi ta sayen filayen maƙwabta, har garkar ta kai bakin kogi. Gunkinsa na nan zaune bisa kujera, tantabaru na sauka kansa.

A gefe guda akwai tudu, da ƴar hanya mai zagaye har sama. Na hau da kyar, ina tsayawa ina numfashi. Tudun nan juji ne. Shekaru ɗaruruwa mutanen Pari ke zubar da shara da ɓaraguzan gini a wurin, har ya yi tsawo. Da aka sayi filin ma sarki, aka haɗa da jujin. Wanda ya taɓa shuka kabewa a tsohon juji ba zai yi mamakin abin da ya fito ba.

A jikin tudun na ga icce wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Mutum biyu ba su zagaye shi da hannu. Rassansa a shimfiɗe suke hawa-hawa, kamar rumfa bisa rumfa. Ganyensa kamar allura, ba shi zubar da shi rani da damina. Sunansa sedar, asalinsa duwatsun ƙasar Labanon. A gindinsa akwai ƴar alama da rubutu. An dasa shi a 1734. Wani masani, Bernard de Jussieu, ya zo da shi daga Ingila yana ɗan tsiro. Suna ba da labari wai tukunyar ta fashe masa a hanya, ya ƙarasa da shi cikin hularsa.

Na tsaya ina lissafi da yatsa. Shekara 285 ke nan ranar da na gan shi. An dasa shi shekara 20 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ganuwar Damagaram ma sai bayan shekara ɗari da wani abu aka gina ta. Mu ma muna da kukoki da suka kai haka, har su fi. Ku je Mirya ku gani. Amma in ka tambayi shekarun kuka, sai a ce maka: "Haka muka tashi muka gan ta." Wannan kuwa an san shekararsa, an san hannun da ya sa shi ƙasa.

Can ƙasa, cikin wani lungu, akwai wani tsohon icce a karkace. Sunansa pistashe, ƴaƴansa ɓarewa ake yi a ci kamar gyaɗa. An dasa shi wajen 1700. Shekara da shekaru yana fure, ba shi ƴaƴa. A wata unguwa ta Pari kuma akwai irinsa guda, shi ma ba shi ba da komi. Sai wani ma'aikacin garkar, Sébastien Vaillant, ya yanki reshe mai fure daga wannan, ya kai ya kaɗa bisa wancan. Wancan ya yi ƴaƴa. A 1717 ya tara ɗalibai ya shaida musu cewa itatuwa ma suna da namiji da mace. Aka yi ta surutu, waɗansu na ganin maganar ba ta da kunya.

Nan kam na yi dariya har mutane suka waiwayo. Wane yaro ne a ƙasarmu bai san giginya namiji ba ta ƴaƴa ba? Masu dabino na Ingal da Bilma tun kakanni suke hawa su ɗaura furen namiji a zangarniyar mace. Mun sani. Shi dai ya rubuta, ya sa sunansa.

Ɗakin gilashi

Akwai manyan ɗakuna na ƙarfe da gilashi, inda ake ajiye tsirran ƙasashen zafi don kada sanyi ya kashe su. Biyu an gina su tun wajen 1835, babban kuma a 1937. Nan sai an biya. Kuɗin shigar mutum guda zai sayi tiyoyin hatsi da dama, amma ɗana ya hana ni magana.

Ina shiga, tabarau ɗina ya rufe da hazo. Zafi da gumi kamar Gaya cikin watan Agusta. Na cire rigar sanyi, na ji jikina ya dawo. Ga ayaba, ga itatuwa masu hawa juna. A ɗaki na gaba tsirran hamada ne, masu ƙaya, waɗansu kamar aguwa, waɗansu kamar tinya. Abin da muke shinge da shi, ga shi an sa masa wuta yana jin ɗumi, ana biya a gan shi.

Amma akwai labarin da ya kashe mini dariya. A 1714 masu mulkin birnin Amsterdam suka ba sarki Luwi na 14 kyautar ɗan iccen kafe, wato gahawa. Aka kawo shi garkar nan, aka yi masa ɗaki mai ɗumi, ya yi ƴaƴa. Wajen 1723 wani hafsan soja, de Clieu, ya ɗauki tsiro daga zuriyarsa ya shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Martinik, can gefen Amurka. Ruwan sha ya yi ƙaranci a teku, ya riƙa raba nasa da tsiron. Wannan suna son faɗinsa. Daga nan kafe ya bazu cikin tsibiran. Kafin 1789, ƙasar da ake ce ma Haiti yau ita kaɗai tana ba da kusan rabin kafen duniya. Su wa suka noma shi? Bayi ne, baƙar fata, da aka kwaso daga Afirka cikin sarƙa. An tausaya ma tsiro an ba shi ruwa. Waɗanda suka yi masa noma ba a rubuta sunan ko guda a alama ba.

Na fito ban ce komi ba. Garkar tana da kyau. Amma ba duka abin da ke cikinta aka samu da hannu mai tsabta ba.

Raƙumin dawa mai riga

Makiyaya, wannan naku ne. A cikin garkar akwai gidan dabbobi tun 1794. A 1826 mai mulkin Masar, Muhammadu Ali, ya aika ma sarkin Faransa Sharl na 10 kyautar raƙumar dawa. Ƴar ƙarama ce, an kamo ta a ƙasar Sudan. Aka biyo da ita kogin Nilu har Iskandariya, aka sa ta jirgin ruwa. Sai da aka huda rufin jirgin don wuyanta ya fito. Aka haɗa ta da shanu uku masu tatsa, don tana shan madara wajen lita 25 kowace rana.

Ta sauka Marsey, ta yi sanyi can. Ranar 20 ga Mayu 1827 aka kama hanyar Pari da ita, a ƙasa. Kilomita wajen 880, kwana 41. Shanun na gaba, tana biye da su, don ta ɗauke su iyaye. An ɗinka mata riga ta hana ruwa. Duk garin da aka shiga, jama'a su fito kamar ranar salla. Cikin masu jan ta akwai wani saurayi ɗan Sudan mai suna Atir. Ya zauna da ita shekaru a garkar nan, yana kwana bisa wani bene kusa da kanta. Ta yi shekara 18 a wurin, ta mutu a 1845.

Shi Atir ɗin ne ya tsaya mini a rai. Kwana goma na yi a ɗaki na ƙosa. Shi ya yi shekaru, ba mai jin harshensa, sai dabba.

Yanzu babu raƙumin dawa a garkar. Mu ke da su, a sake, wajen Kure, kan hanyar Doso. A 1996 saura 49 suka rage. Da aka tsare su, suka haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai Gadabeji. Na gaya ma ɗana haka da ƙarfi, don na kusa su ji.

Kututturen da aka bari

La'asar ta yi, ƙafata ta gaji. Muka nemi benci. Kusa da mu akwai wani icce da ba shi da kyan gani. Ba tsawo, ba kauri. Na je in karanta alamarsa don kawai na saba. Sunansa robiniye. Irinsa daga Amurka ta Arewa aka kawo. Yana da ƙaya, yana ƴaƴa cikin kwasfa, dangin gawo da bagaruwa ne na nesa. An dasa shi wajen 1636, garkar na da shekara guda. Uwar iccen ta daɗe da mutuwa. Abin da ke tsaye yau toho ne da ya fito daga gindin. Ba su tone kututturen ba. Sun kewaye shi, sun bar saiwar ta yi aikinta.

Na koma na zauna. Ɗana ya ce: "Baba, lafiya?" Na ce lafiya. Ba lafiya ba ce.

A 1976 ina saurayi, sabon malamin gona, da moto na aiki da littafi a hammata. Abin da muka koyo lokacin, kuma muke koyarwa, shi ne gona mai tsabta. A tone kututture duka, don garmar shanu ta wuce, a shuka gyaɗa a layi. Na zo gida hutu, na ga gonar mahaifina cike da kalgo da sabara. Akwai kuma ƴan gawo bakwai, kaurin dantse, da yake ta lallaɓa, yana sassabe musu rassan ƙasa. Na ji kunya a ce gonar uban malamin gona ce wannan. Ranar kasuwa, da ya tafi, na tara samari na biya su. Kafin la'asar mun tone duka. Ƙiryar kaɗai ta gagare mu, don ta yi girma.

Da ya dawo, ya tsaya bakin gona ya daɗe. Ina jiran yabo. Sai ya ce: "An gode, malam." Bai taɓa kirana malam ba sai ran nan. Ya juya ya tafi gida.

Shekara biyu gyaɗa ta yi kyau. Daga nan iska ta samu hanya. Sai mu shuka, rairayi ya binne, mu sake. A farin 1984 maƙwabcinmu da ya bar gawonsa ya riƙa kaɗo ma awakinsa ƴaƴa da ganye, ya fitar da rabinsu. Namu suka ƙare. Mahaifina ya rasu a 1986. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba.

Daga baya manoman Maraɗi suka nuna ma duniya abin da tsohon nan ya sani. In an bar kututture, a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe saura, icce zai dawo ba tare da an dasa ba. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo haka, bisa hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ni ma na yi shekara ashirin ina koyar da wannan, da bakin da na koyar da tono. Ban taɓa gaya ma kowa labarin gawo bakwai ba. Sai a bencin nan na gaya ma ɗana. Ya yi shiru. Shi ne mai sunan tsohon.

Mai aikin garka

Wata mace na durƙushe kusa, tana cire tsofaffin furanni tana zubawa a baro. Hannunta duk ƙasa. Na gaishe ta da Faransancina na lakwal, na ce ni ma manomi ne. Ta saki fuska. Na tambaye ta yadda aka yi ba su ɓata lissafin itatuwan nan. Ta nuna mini alamar wata shuka. Ban da suna, akwai lamba. Ta ce kowace lamba tana cikin rajista: inda aka samo iri, shekarar da ya zo, inda aka dasa. Da can littafi ne, yanzu kwamfuta. In ma'aikaci ya tsufa ya tafi, na bayansa ya buɗe ya ci gaba.

Ta nuna mini wani dogon gini. A ciki akwai busassun ganye da furanni wajen miliyan 8, an manna kowane a takarda, daga duk duniya. Har da na ƙasashenmu. Kukarmu a littafinsu sunanta Adansonia, don wani Bafaranshe, Adanson, da ya je Senegal a 1749 ya auna ta ya rubuta. Na ce to gawo fa? Na kwatanta mata: iccen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, hatsi ya yi kyau a gindinsa. Ta san shi. Sunansa Faidherbia. An sa masa sunan a 1934, don girmama Faidherbe, janar ɗin da ya ci ƙasar Senegal da yaƙi. Wannan bai yi mini daɗi ba, kuma na gaya mata. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ba ita ta sa ba. Gaskiyarta.

Na ba ta labarin da tsofaffinmu ke faɗi, na Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884. An ce ya yi doka: wanda ya sare gawo, a sare kansa. Ta yi dariya ta ce su nasu sarkin aka sare. Haka ne kuwa. A watan Janairu na 1793 mutanen Faransa suka yanke ma Luwi na 16 kai. Suka farfasa gumakan sarakuna. Amma garkar sarki ba su taɓa ta ba. Cikin watan Yuni na shekarar majalisa ta mayar da ita ta ƙasa, ta bar masanan da masu ban ruwa bisa aikinsu.

Kada ku ce don ba su san wahala ba ne. A sanyin 1870 zuwa 1871 sojojin Jamus sun kewaye Pari wata huɗu. Yunwa ta sa mutane cin doki da kyanwa da ɓera, har giwaye biyu na wani gidan dabbobi aka yanka. Suka sassare itatuwan tituna don jin ɗumi. Harsashin igwa ya faɗa cikin garkar nan ya fasa gilasai. Ashe su ma in ta matsa, gatari suke ɗauka. Sedar ɗin dai yana nan, kututturen yana nan. A ganina, abin da ya tsare su shi ne kullum akwai wanda za a tambaya in sun ɓace.

Rana ta faɗi, masu gadi suka shiga busa usur ko'ina, ana kora mutane kamar awaki za su gida. Na tsinci busasshen ganye guda a gindin robiniyen na sa aljihu. Wannan karon ba wanda ya busa mini.

Da na dawo

Kwana biyu da saukata ƙanena ya zo. Na ba shi labarin garkar, tun daga ciyawa har kututture. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce: "Yaya, waɗannan cikinsu cike yake, shi ya sa suke ajiye icce don kallo. Ni gado da katifa ake jira in kai." Ban iya ce masa ƙarya yake ba.

Ɗana ya ba ni kuɗi in sayi tol in rufe ɗakin uwargida. Na ƙirga jika arba'in daga ciki na ba ƙanena. Na ce na sayi ƙiryar, a tsaye. Ya ce: "Ka sayi abin da rabinsa naka ne?" Na ce i. Ya karɓa. Aka yi biki. Ɗakin ya ƙara damina biyu yana yoyo, kuma na sha magana.

Na yanke gwangwanin tumatir na miƙe shi, zan yi alama irin tasu. Sai na rasa shekarar da zan sa. Ƙirya ba dasa ta ake yi ba, bari ake yi. Na je wajen gwaggonmu, ita ce babba da ta rage. Ta ce ranar da aka kawo mahaifiyarmu amarya, a inuwarta aka sauke kaya, kuma lokacin ma ta isa inuwa. To, na ɗauki ƙusa na huda rubutu a gwangwanin: sunan ƙirya, da sunan mahaifina, da kalma biyu, "ya bari". Na ɗaura da waya, ban buga mata ƙusa ba. Yara masu kiwo suka cire ta sau biyu. Na sake ɗaurawa sama, inda hannunsu ba shi kai.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bana ƴaƴanmu sun girma, an ce a raba gonar kowa ya san nasa. Yadda iyaka ta kama, kusurwar gabas rabon ƙanena ce. Ba mu rubuta takarda ba ranar da na ba shi kuɗin, ba mu kira shaida ba, don ni da shi ciki ɗaya muka fito. Masassaƙin kuma ya dawo, na ji an ce wannan karon jika saba'in ya taya. Na kasa yi ma ƙanena maganar baki da baki. Labarin gawo bakwai ma bai san ni ne ba, yana yaro lokacin, an ce masa hukuma ce ta tone.

Ya yi karatun yaƙi da jahilci, kuma yana karɓar jaridar nan kowane wata. Ranar Alhamis ta ƙarshen wata mai gari zai zo da igiya a auna.